Yadda Ake Ƙirƙiro Sabuwar Haja Bisa Tsari, Tun Daga Lura da Matsala Har Zuwa Gwajin Kasuwa

Wasu shekaru da suka wuce, ni da abokan sana'ata biyu mun haɗa jari a nan Jos da niyyar mu riƙa gyara acha muna ƙullawa a leda muna kai wa masu shaguna. Tun kafin mu sayar da ko leda ɗaya mun riga mun sayi injin liƙe leda, mun buga takardun mannawa masu yawa ɗauke da sunan hajarmu, mun kuma biya hayar ɗaki ta shekara guda. Bayan wata uku kayan suna nan jibge a kan kantocin shagunan da muka kai, kuma da muka koma muna tambaya sai muka tarar bakin masu shagunan ya zo ɗaya: matar da ta saya sau ɗaya ba ta dawowa domin ta ji ƙasa a haƙorinta, wadda ba ta taɓa saya ba kuwa tana ganin leda mai kilo guda ta yi mata yawa a matsayin gwaji. Abin da ke damuna har yau shi ne waɗannan bayanai guda biyu da mun same su cikin mako ɗaya, da kuɗin mota kawai, da a ce mun san abin da ake farawa da shi.

Mutane da yawa a cikinmu sun ɗauka cewa sabuwar dabara baiwa ce da ke faɗo wa mutum yana kwance, shi ya sa idan ba ta faɗo ba sai a duba abin da maƙwabci yake sayarwa a kwaikwaya, har layi guda ya cika da shagunan da ke sayar da abu iri ɗaya. Na yarda akwai baiwa, amma abin da na gani da idona shi ne ƙirƙira aiki ce mai matakai, kuma a cikinta akwai ayyuka huɗu da ba sa son a cakuɗa su: lura, samar da dabaru, tacewa, da gwaji. Duk wanda ya fara tacewa tun yana samar da dabaru zai kashe su tun suna jarirai, wanda kuma ya sayi inji kafin gwaji zai biya kuɗin karatun da ake samu kusan kyauta. Zan bi matakan ɗaya bayan ɗaya, ina riƙe da misalin acha domin ita na fi sani, amma tela da maƙeri da mai haɗa manhajar waya duk za su iya bin hanyar.

Mataki na farko: a je inda matsalar take a zauna

Kafin a yi tunanin abin da za a ƙera, a ware kwana biyar zuwa bakwai na kallo da sauraro kawai. A nemi mutum goma zuwa goma sha biyar daga cikin waɗanda ake sa ran za su sayi hajar, a roƙi izinin ganin yadda suke yin aikin a yanzu, a wurin da suke yin sa, da kayan da suke yin sa da su. Kada a tambaye su ko za su sayi kaza idan an kawo, domin mutanenmu masu kara ne, za su ce za su saya ko da ba su da niyya. A tambaye su abin da ya riga ya faru: yaushe rabon da a dafa acha a gidan nan, a ina aka sayo, nawa aka saya, wa ya gyara, kuma me ya hana a sake dafawa.

Da muka koma muka fara daga inda ya kamata, ranar da ta fi koya mini abu ita ce wadda na zauna a tsakar gidan wata dattijuwa a Unguwar Rogo, tare da ɗanta wanda ya yi mini iso. Ta zuba mudu guda na acha a ƙwarya, ta cika da ruwa, ta riƙa juya ƙwaryar a hankali tana karkata ta, achar tana gangarawa cikin wata ƙwaryar da kaɗan-kaɗan, yashin yana kwanciya a gindi kamar baƙin zare. Ta zubar da shi, ta sake ɗebo ruwa, ta maimaita. Na ƙirga sau biyar, kuma duk tsawon lokacin a durƙushe take. Na ce mata, "Mama, jikokinki mata sun iya wannan regayar kuwa?" Ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, wa zai zauna? Ruwan ma saye muke yi a wurin 'yan garuwa." A jimla guda ta ba ni abu uku: aikin yana cin lokaci, yana cin ruwan da ake saye da kuɗi, kuma hannun da ya iya shi yana ƙarewa. Ba wata takardar tambayoyi da za ta fito mini da maganar ruwan, domin ni kaina ban san zan tambaya ba.

A tafi da ƙaramin littafi, a rubuta abin da aka gani daban da abin da aka fahimta daga gare shi, kowanne a shafinsa. "Ta rege sau biyar" abin da aka gani ne, "ba ta son regaya" kuwa fassara ce, kuma tana iya zama kuskure. A lura musamman da dabarun da mutane suka ƙago wa kansu domin rage wahala, kamar mai ɗaure murfin bokiti da roba ko mai yanka jarka ya yi mazurari, domin duk inda aka ga irin wannan faci, akwai hajar da kasuwa ba ta kawo ba tukuna.

Mataki na biyu: a tono saiwar matsalar, a mayar da ita tambaya guda

Kamfanin motoci na Toyota a Japan ya shahara da wata al'ada da injiniyansa Taiichi Ohno ya yaɗa, wato idan inji ya tsaya a riƙa tambayar "me ya sa" har sau biyar, kowace amsa ta haifi tambaya ta gaba, har a wuce alamar ciwon a isa ga ciwon kansa. Ga yadda ta kasance da achar. Me ya sa mai saye ba ta dawowa? Domin akwai ƙasa. Me ya sa akwai ƙasa bayan mun tankaɗe? Domin ƙwayar acha ƙanƙanuwa ce ƙwarai, girmanta da na yashi sun yi kusa, duk rariyar da ta tare ɗaya za ta tare ɗayan. Me ya sa yashin ya shiga tun farko? Domin ana sussuka da shanya a ƙasa. Me ya sa ba a shimfiɗa tamfol? Domin manomi ba shi da dalilin sayen tamfol. Me ya sa ba shi da dalili? Domin mai saye a kasuwa yana auna mudu ya biya kuɗi ɗaya, mai tsabta ce ko mai ƙasa.

A nan ne tunaninmu ya juya, domin mun shafe watanni muna neman injin da zai cire yashi, alhali rabin maganin yana wurin yadda muke sayen achar. Ba dole ba ne a kai biyar daidai, wani lokaci uku ta isa, wani lokaci sai an kai bakwai. Alamar an isa ita ce a kai ga dalilin da ake da ikon taɓawa. A kiyaye kuma kada amsar ta ƙare a kan zargin mutum, kamar a ce "manoma ba su da tsabta", domin zargi yana rufe ƙofar tambaya ta gaba.

Daga nan sai a rubuta matsalar a jimla guda mai siffar tambaya, wadda ta ambaci mutumin da buƙatarsa amma ba ta ambaci maganin ba. "Ta yaya za mu sami injin regaya mai araha" tambaya ce da ta riga ta yanke hukunci. "Ta yaya matar da ke aiki a Abuja za ta dafa acha cikin minti ashirin ba tare da ta ji ƙasa ba" ita ce mai barin ƙofofi a buɗe. A rubuta ta da manyan haruffa a manna a bango, domin duk zaman da za a yi nan gaba a ƙarƙashinta za a yi shi.

Mataki na uku: zaman samar da dabaru, a rubuce kuma cikin shiru

Wani mai kamfanin talla a Amurka, Alex Osborn, shi ya yaɗa tsarin tara mutane su zubo dabaru, kuma a littafinsa na 1953 ya kafa sharuɗɗan da har yanzu ake bi: a jinkirta suka, a nemi yawa, a karɓi dabarar da ta yi kama da wauta, a kuma ɗora a kan dabarar wani. Sharuɗɗan suna da kyau, sai dai tun a 1958 wani bincike a jami'ar Yale ya nuna cewa mutanen da suka zauna kowa shi kaɗai, aka haɗa dabarunsu daga baya, sun fi waɗanda suka yi zaman baki tare yawan dabaru. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: mutum ɗaya ne ke iya magana a lokaci guda, sauran suna jira suna mantuwa, kuma kowa yana auna fuskar na kusa da shi.

A wurinmu abin ya fi haka tsanani, domin tarbiyyarmu ta hana yaro ya yi musu da babba a gaban mutane, kuma tarbiyya ce mai kyau da ba na son a rasa ta. Amma sakamakonta a zaman neman dabara shi ne da zarar Alhaji mai jari ya buɗe baki ya faɗi ra'ayinsa, sai kowa ya ce haka ne, yaron shago da ya fi kowa sanin ƙorafin masu saye ya sunkuyar da kai, macen da ta fi kowa sanin girkin ta yi shiru. Maganin da na samu ya yi aiki shi ne wata hanya da Bajamushe Bernd Rohrbach ya tsara a ƙarshen shekarun 1960, wadda ake kira 6-3-5, domin tana ba kowa damar magana ba tare da ya ɗaga murya a gaban na gaba da shi ba.

Ga yadda ake yin ta. A tara mutum shida, kuma a bambanta su da gangan: mai dafawa, mai sayarwa a shago, wanda ya san gona, mai gyaran inji, mai riƙe lissafi, da mutum ɗaya wanda bai san sana'ar ba sam, domin shi ne zai yi tambayar da sauran suke jin kunyar yi. A ba kowa falle ɗaya na takarda da aka tsaga gida 18, wato layi shida kowanne da gida uku, a rubuta tambayar a samansa. Mai kula da agogo ya ba da minti biyar, kowa ya cike layin farko da dabaru uku ba tare da ya yi magana ba. Idan lokaci ya cika sai kowa ya miƙa takardarsa ga na damansa, ya karɓi ta na hagunsa, ya karanta abin da aka rubuta, ya ƙara uku a layi na biyu, ko dai sababbi ko waɗanda suka ɗora a kan na sama. Bayan zagaye shida, wato rabin awa, takardu sun dawo hannun masu su, kuma idan kowa ya cike gidajensa an sami dabaru 108.

Akwai gyare-gyaren da wurinmu ke buƙata. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami ko ya zana hoto, wanda bai iya ko ɗaya ba a ba shi marubuci ya riƙa raɗa masa. A ba kowa biro iri ɗaya, kada a sa suna. A kashe wayoyi. Idan zaman haɗaka tsakanin maza da mata ba zai yiwu ba, a yi da'ira biyu a ɗakuna biyu, takardu su riƙa ƙetarawa ta hannun yaro, hanyar ba ta rasa komai da haka. Kuma a gaya wa mahalarta tun farko cewa yawancin abin da za su rubuta ba zai yi amfani ba, kuma haka ake so, domin dabaru goman farko kusan kullum su ne waɗanda kowa ya riga ya sani, masu daraja sai an kwashe waɗannan suke fitowa.

Mataki na huɗu: idan rijiya ta ƙafe, a yi mata yasa da tambayoyi

Wani lokaci takardu suna dawowa da maimaici. A nan ne jerin tambayoyi bakwai da Bob Eberle ya tsara a 1971 daga tambayoyin Osborn, wanda aka sani da SCAMPER, yake da amfani. A ajiye hajar a tsakiyar tabarma a bi ta da su. Me za a musanya, kamar a sa takarda mai kauri maimakon leda? Me za a haɗa, kamar acha da busasshen ganye da kayan yaji a ƙulli ɗaya domin gwate? Me za a aro daga wata sana'a, kamar yadda masu taliyar yara suka sa girki ya koma na minti kaɗan? Me za a ƙara wa girma ko a rage, kamar ƙullin da ya isa kwano biyu kacal? Wane amfani dabam za a yi da ita, kamar dusar ta tafi wurin masu kiwon kaji? Me za a cire gaba ɗaya? Me za a juya, kamar a ce maimakon mu gyara bayan mun saya, mu ba manomi tamfol tun kafin girbi mu ƙara masa kuɗi a kan kowane mudu mai tsabta? Tambayar aro ita ce aka fi yi wa rowa, alhali ita ce mafi arha. Da mun yi ta da wuri da mun san cewa wani malamin fasaha ɗan Senegal, Sanoussi Diakité, ya ƙera injin surfen acha har ya sami kyautar Rolex a kansa a 1996.

Hanya ta biyu ita ce akwatin Fritz Zwicky, masanin taurari ɗan Suwizalan da ya yi aiki a Kalifoniya. A raba hajar zuwa sassanta, a jera zaɓin da ke ƙarƙashin kowane sashe. A ce siffa huɗu: ɗanyar ƙwaya, gari, turarriya da aka busar, da haɗin kunu. Girma uku. Mazubi uku. Mai saye huɗu: uwargida, ɗalibin jami'a, mai gidan abinci, da matafiyi mai neman tsaraba. Idan aka ninka huɗu sau uku sau uku sau huɗu an sami haɗi 144, kuma ba wanda zai zauna ya tuno su duka da ka. A rufe ido a ɗora yatsa a kan zaɓi ɗaya daga kowane sashe, a tilasta wa kai minti biyu ana neman yadda haɗin zai yi ma'ana kafin a jefar da shi.

Mataki na biyar: a nemo inda buƙatu biyu suka ci karo

Wannan shi ne matakin da na fi so, kuma shi ne mafi wuya. Genrich Altshuller ya fara aikinsa a 1946 yana duba takardun neman rajistar ƙirƙira a rundunar sojan ruwa ta Tarayyar Sobiyet a Baku, kuma bayan nazarin dubban irin waɗannan takardu ya gano cewa ƙirƙira ta gaske tana faruwa ne inda aka warware cin karo tsakanin buƙatu biyu ba tare da an sadaukar da ɗaya ba, kuma hanyoyin warwarewar suna maimaita kansu daga sana'a zuwa sana'a. Ya tattara su zuwa ƙa'idoji 40 a tsarin da ake kira TRIZ. Ba sai an haddace su ba kafin a amfana, abin da ake buƙata shi ne a iya rubuta matsalar kamar haka: idan na gyara kaza, kaza yana lalacewa.

Duk wanda ya je kasuwar Farin Gada ta nan Jos da sassafe lokacin da ake lodin tumatir ya ga wannan cin karon da idonsa. Kwandon gargajiya yana da arha, ba a damu da dawo da shi ba, amma yana da zurfi, ana ɗora wani a kan wani, kuma kafin mota ta tashi za ka ga ruwan tumatir na ƙasa yana ɗiga ta ƙarƙashin bodi. Kwandon roba mai kusurwa huɗu yana ɗauke nauyin da jikinsa, tumatir ya isa lafiya, amma yana da tsada, dole a dawo da shi, kuma idan ya dawo fanko yana cin wuri kamar cikakke. Buƙatar ita ce kwandon ya zama babba a tafiya, ƙarami a dawowa. Da zarar an faɗe ta haka, maganin ya kusa bayyana, kuma yana cikin ƙa'idojin Altshuller: abu ya shige cikin ɗan'uwansa kamar yadda ake jera ƙore, ko ya zama mai naɗewa. An raba buƙatun biyu a lokaci, kowacce ta sami nata.

Altshuller ya kuma koyar da cewa a fara da tambayar yadda aikin zai yi kansa da abin da ke wurin, ba tare da an sayo wani abu ba. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, wanda ya yaɗa tukunya cikin tukunya: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen tsumma a sama. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bushewa a iska yana tafiya da zafin ciki, kayan miya su daɗe ba su lalace ba, babu lantarki. Ya sami kyautar Rolex a 2000. Zafi da busasshiyar iska, waɗanda su ne ke lalata kayan, su ne ya sa suka yi aikin sanyayawa. Wannan ma yana nuna iyakar dabarar, domin a Jos cikin Agusta, lokacin da iska ke cike da laima, ba za ta yi aiki kamar yadda take yi a bazara ba.

A wurin achar, cin karon shi ne regaya tana buƙatar ruwa, ajiya kuma tana buƙatar bushewa. Ƙa'idar yin aiki tun kafin a buƙace shi ita ta fitar da mu: a rege sau ɗaya da yawa a hannun matan da suka ƙware, a turara, a busar sarai a kan raga nesa da ƙasa, sannan a ƙulla.

Mataki na shida: tacewa

Kada a tace a ranar da aka samar da dabarun, a bar su su kwana. Washegari a haɗa masu kama da juna, kowa ya sa alama a kan biyar da ya fi so a ɓoye, a ɗauki guda biyar ko shida da suka fi samun alama. Domin kada muhawara ta koma ta mai kare dabararsa da mai neman kayar da ita, a yi amfani da huluna shida na Edward de Bono, likita ɗan tsibirin Malta, wanda ya fitar da tsarin a 1985. Farar hula ta bayanan da ake da su ce, ja ta abin da zuciya ta ji ba tare da kawo hujja ba, baƙa ta haɗari, rawaya ta amfani, koriya ta sababbin hanyoyi, shuɗiya kuma ta mai jan ragamar zaman. Sirrin shi ne kowa yana sa hula iri ɗaya a lokaci ɗaya, saboda haka mai dabarar ma dole ya nemo aibinta idan an zo baƙa, mai suka kuma dole ya faɗi alherinta idan an zo rawaya. Minti uku ga kowace hula ya isa. Dabarar da za ta wuce sai ta amsa tambaya uku: akwai mai so har ya biya, za mu iya yi da abin da ke hannunmu, kuma za a sami rara bayan an cire kuɗin kaya da leda da mota da ladan aiki, har da na mai sana'ar kansa, wanda yawancinmu muke mantawa mu lissafa.

Mataki na bakwai: samfurin gwaji, da sayar da shi

A zaɓi dabaru biyu, ba ɗaya ba, domin mai dabara ɗaya yana makancewa a kanta. A yi mafi arhar abin da zai amsa tambayar da ta fi haɗari. Idan tambayar ita ce ko ƙasa ta fita, ba a buƙatar suna ko zane: a dafa kwano uku, namu da na kasuwa da wanda gwanar regaya ta gyara, a sa musu lamba a gindi, wanda ke miƙawa ma kada ya san wanne ne wanne, a ba mutum goma su tauna su faɗi inda suka ji garas-garas. Idan tambayar ita ce ko za a saya, a ƙulla leda talatin, a ari injin liƙewa ko a biya a liƙe, a rubuta suna da hannu, a ajiye a shaguna uku a unguwanni masu bambancin hali.

A sayar, kada a bayar kyauta, domin ba a kushe kyauta a gaban mai bayarwa, kuma yabon ɗan'uwa ba ciniki ba ne. Tun kafin a kai kayan a rubuta adadin da idan ba a kai shi ba za a ce gwajin ya faɗi, misali a ce cikin mako biyu a sayar da ashirin, kuma aƙalla mutum shida su dawo su sake saya. Idan ba a rubuta tun farko ba, zuciya za ta fassara kowane sakamako a matsayin nasara. Dawowar ita ce ma'auni na gaskiya, domin sayen farko son gani ne. Idan ana nufin kasuwar Abuja, a cika kwali guda a ba direba ya bi da shi ta Akwanga da Keffi a ƙarƙashin sauran kaya, a sa wani ya buɗe a can ya ƙirga ledojin da suka fashe. A kuma ajiye leda biyar a ɗaki, ana buɗe ɗaya duk wata ana shinshinawa, musamman da damina.

Mataki na takwas: karanta sakamako da matakin hukuma

Sakamakon shi ke nuna inda za a koma. Idan ba wanda ya ɗauki ledar ko da dubawa, a koma mataki na farko, domin wataƙila matsalar ba ta dami mutanen da aka zaɓa ba. Idan an saya ba a dawo ba, a nemi mutum biyar daga masu sayen a ji dalili, a sake bin tambayar "me ya sa". Idan an dawo amma lissafi bai fita ba, wannan cin karo ne tsakanin inganci da farashi, wurinsa mataki na biyar. A canza abu ɗaya kawai a kowane zagaye, domin idan aka canza girma da farashi da shago lokaci guda ba za a san wanne ya yi tasiri ba.

Sai gwaji ya tsaya da ƙafarsa sau biyu a jere sannan a fara kashe kuɗi masu nauyi. A yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, kuma idan hajar abinci ce da ake ƙullawa a nemi lambar NAFDAC kafin a baza ta a kasuwa. Kada a rubuta a jikin leda cewa acha tana warkar da ciwon suga ko wata cuta, ko da masu saye suna faɗin haka da bakinsu. Wanda ya ƙera inji ko wata na'ura sabuwa ya tuntuɓi NOTAP, hukumar gwamnati mai kula da bunƙasa fasaha, a Abuja game da rajistar ƙirƙira tun kafin ya sa hotonta a Facebook, domin bayyana abu ga jama'a kafin neman rajista yana iya hana a karɓe shi a matsayin sabo. Takardun nan shida na zaman 6-3-5 kuma a haɗa su da littafin lura a ajiye a jaka ɗaya da kwanan wata a jiki, domin idan aka dawo zagaye na biyu daga cikinsu za a fara zaɓe.